Ji Ba Gani: Tarihin Dabarun Tsoratarwa a Al'adar Dodo ta Kudancin Kaduna da Finafinan Fatalwa na Japan

1.0 Gabatarwa

Lokacin da sinima ta fara shigowa ƙasar Hausa, kafin kalmar "fim" ta zauna a bakin jama'a, akwai sunaye biyu da aka san ta da su a Kano, wato majigi da dodon bango. Brian Larkin ya kawo su duka biyu a nazarinsa na tarihin sinima a Kano (2008). Suna na biyun ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe ya ga siffar mutum tana motsi a jikin bango cikin duhu, ga ta a fili amma ba ta taɓuwa, sai ya laƙaba mata sunan abin da ya fi tsoro tun yana yaro. Ke nan tun daga farko harshen Hausa ya haɗa sinima da tsoro.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wata tsohuwar fasaha ta tsoratarwa da aka yi a ƙasar Jama'a da kewayenta, wato Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna, wadda Hausawa suka kira al'adar dodo, sannan a auna ta da finafinan fatalwa na Japan, waɗanda suka yi suna a duniya wajen gina yanayi mai sa tsikar jiki tashi. Babu wata alaƙa ta tarihi tsakanin al'ummomin biyu. Abin da ya sa aka jera su shi ne dukansu sun gano abu guda: abin da kunne ya ji amma ido bai gani ba ya fi zama a zuciya. Za mu duba yadda kowannensu ya sarrafa wannan, da wanda aka nufa da tsoron, da kuma abin da ya dushe kaifinsa daga baya.

2.0 Kalmar Dodo da Kalmomin Tsoro

Kalmar dodo tana da rassa da dama a Hausa. Akwai Dodon tatsuniya, mai yawan gashi da ƙaton ciki, mazaunin kogi ko ƙungurmin daji, mai haɗiye mutane. Akwai dodo da ma'anar duk abin da ake shakka, shi ya sa makaɗan fada suke kiran sarki ko jarumi dodo. Daga nan aka sami dodorido, wato barazanar da ba ta da komai a bayanta. Sai kuma harɗaɗɗun sunaye irin su dodon kunne da dodon koɗi. Idan aka lura, abin da ya haɗa waɗannan biyun shi ne kowannensu yana zaune ne a can ciki, inda ido ba ya kaiwa sai da ƙoƙari. Ma'ana ta ƙarshe ita ce wadda ta shafe mu a nan: Bahaushe ya kira duk wata ƙungiyar asiri ta maƙwabtansa, mai fito da murya ko siffar magabata, da sunan dodo.

Wajibi ne a bayyana cewa wannan suna na baƙo ne. Masu al'adar suna da nasu. Atyap, waɗanda Hausawa suka kira Katab, suna cewa abwoi. Bajju, waɗanda aka kira Kaje, suna cewa abvoi. Ham, waɗanda aka kira Jaba, suna da ku. A wurinsu abin ba Dodon tatsuniya ba ne mai cin mutane. Kakanni ne da suka riga mu gidan gaskiya suke dawowa su yi magana da zuriyarsu. Da kalmar Hausa ta rufe waɗannan sunaye, sai ta jawo musu duk nauyin da take ɗauke da shi na muni da dabbanci. Duk inda aka yi amfani da ita a wannan maƙala, an yi ne da sanin wannan naƙasu.

Haka kuma ya kamata a rarrabe kalmomin tsoro kansu, domin Hausa ba ta yi rowa a nan ba. Firgita da razana abu ne na farat ɗaya: an ji ƙara, gaba ya faɗi, an dawo hayyaci. Fargaba da zullumi da ɗar-ɗar kuwa zama suke yi, suna bin mutum har kan shimfiɗarsa, domin sun dogara ne a kan abin da bai riga ya faru ba. Kwarjini shi ne tsoron da ya gauraya da girmamawa. Abin da wannan maƙala take nufi da "yanayi" shi ne duk dabarun da ake bi a dasa fargaba a raya ta. Razana ba ta da wuyar samarwa, ko yaro ya ɓuya a bayan ƙofa zai iya. Fargaba ita ce mai buƙatar gwaninta.

3.0 Ƙasar Jama'a da Marubutan Farko

An kafa masarautar Jama'a a Daroro a wajajen 1810, bayan jihadi, a ƙarƙashin Zazzau. Tana zagaye da al'ummomi masu harsunansu da addininsu, irin su Fantswam, waɗanda garin Kafanchan yake a ƙasarsu, da Agworok na Kagoro, da Nikyob, da Gwong, da Ham, da Bajju, da Atyap. Dangantakar ta haɗa ciniki da haraji da harin bayi, kuma ta wannan hanya ce Hausa ta fara ratsa yankin tun kafin zuwan Turawa.

Bature na farko da ya yi rubutu mai yawa a kan yankin shi ne A.J.N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a Jama'ar Daroro a 1908 da 1909. A can ya tattara wani ɓangare na tatsuniyoyi 100 da ya buga a Hausa Superstitions and Customs (1913), kuma Dodo ya fito a da yawa daga cikinsu. Littafinsa na 1912 a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu kuwa, tun daga sunansa ana ganin raini irin na ɗan mulkin mallaka. C.K. Meek ne ya yi bayanin abwoi dalla-dalla a babin da ya keɓe wa Atyap da maƙwabtansu cikin Tribal Studies in Northern Nigeria (1931), inda ya rubuta kalmar da obwai. Henry Balfour na gidan tarihi na Pitt Rivers a Okusfod ya yi nazari a kan kayan sauya murya masu tantani, aka buga shi a 1948 bayan mutuwarsa. Daga baya Walter Sangree (1974) ya duba yadda al'adar dodo ta haɗu da maita da sake aure a wurin Irigwe na Filato, Carol McKinney (1985) ta yi a kan sauyin addini a wurin Bajju, sannan Elizabeth Isichei, wadda ta koyar a Jami'ar Jos, ta buga maƙala a 1988 inda ta bambanta dodannin da ake gani da waɗanda muryarsu kaɗai ake ji.

Wannan bambanci na Isichei shi ne ginshiƙin abin da zai biyo baya. Sai dai a riƙa tunawa cewa yawancin marubutan farko maza ne baƙi, sun yi hira ne da maza, sau da yawa ta bakin tafinta mai jin Hausa. Matan da aka yi muryar domin su ji, ba a cika tambayarsu ba.

4.0 Yadda Aka Gina Tsoron

Idan aka tattara bayanan da ke sama, za a ga tsoron abwoi ya tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu.

4.1 Murya

Muryar kakanni ana fitar da ita ne ta ɗan guntun gora ko kara mai rami, an rufe baki ɗaya da farin tantanin gizo-gizo. Mutum ya yi magana ko waƙa a ciki, tantanin ya kaɗa, sai murya ta fito da zuga da ƙaraji, ta yi kama da ta mutum amma ba a iya cewa ta wane ce. A nan gwanintar take. Da a ce kukan dabba ne zalla, mai sauraro zai ce kura ce ko mujiya, hankalinsa ya kwanta a kan sanin abin da ya ji. Da kuma murya ce garau, matar gida za ta gane ta mijinta ce ko ta ƙanin mijinta. Tantanin yana barin karin harshe da tashi da faɗuwar sauti, ya goge alamun da ake shaida mai magana da su. A harsuna masu karin sauti irin su Tyap da Jju, wannan ya isa a tsinci wani abu daga maganar, a rasa wani abu. Saboda haka ake samun mai fassara wa jama'a abin da kakanni suka ce, kuma wannan fassara ita kanta tana ƙara nisa tsakanin mai magana da mai ji. Abin sha'awa ne cewa a Hausa tantanin da ke kaɗawa cikin kunne ya karɓi wannan sauti, shi ma sunansa dodo.

4.2 Wuri

Muryar tana fitowa ne daga ɗakin tsafi ko kurmin da aka keɓe, inda mace da yaron da ba a shigar ba ba su isa su leƙa ba. Bango ko duhuwar itatuwa suna yin aikin labule. Wanda yake waje ya san inda sautin yake tasowa, yana kuma wucewa ta gefen wurin kullum a hanyar gona ko rafi. Ke nan ko ranar da muryar ta yi shiru, wurin yana ci gaba da tunatarwa.

4.3 Lokaci

Bahaushe ya ce dare rigar mugu. Dare kuma rigar dodo ne, domin a ƙauyen da babu fitila sai wutar murhu, ido yana sallama aikinsa ga kunne. Haka kuma kakanni ba kullum suke magana ba. Suna da lokutan zuwa da na tafiya a cikin shekara, da lokutan buki da na makoki. Wannan tazara tana hana sabo, sabo kuwa shi ne babban maƙiyin tsoro.

4.4 Asiri

Ana shigar da yara maza ƙungiyar idan sun tasa. A nan ake nuna musu kayan muryar, a rantsar da su cewa ba za su faɗa wa mace ba, hukuncin tona asiri kuwa mutuwa ne. Wato yaron yana fita daga tsoron murya ya shiga tsoron rantsuwa. Akwai kuma dodon da ke fitowa fili a lulluɓe, wanda Atyap suke kira akursak, amma shi ma rufin ne ƙarfinsa, domin babu fuskar da za a duba. Irin wannan tsari ba kudancin Kaduna kaɗai yake da shi ba. Oro na ƙasar Yarbawa ma sauti ne, na ɗan katakon da ake ɗaura wa igiya a wulwula a iska, kuma mata ba sa fita idan ya tashi.

5.0 Japan: Daga Fitila Zuwa Majigi

Japanawa suna da tsohon rukunin labaran fatalwa da suke kira kaidan. A zamanin Edo (1603-1868) an yi wani wasan dare da ake kunna lagwani 100, kowa ya ba da labari guda a kashe ɗaya, ɗaki yana ƙara duhu har a zo na ƙarshe, inda aka yi imani wani abu zai bayyana. Sau da yawa akan tsaya a na 99. Mai karatu zai tuna cewa a ƙasar Hausa ma tatsuniya abar dare ce, har akan hana yara yin ta da rana. A wasan kwaikwayo na kabuki, kafin fatalwa ta fito sai an ji siririyar busar sarewa da rugugin babbar ganga, ta yadda kunne yake riga ido sanin abin da ke tafe.

Labarai biyu ne suka fi tasiri a kan abin da ya biyo baya. Na farko shi ne na Oiwa, matar da mijinta ya ci amanarta, wanda Tsuruya Nanboku na huɗu ya mayar wasan kabuki a 1825, Nakagawa Nobuo kuma ya yi shahararren fim ɗinsa a 1959. Na biyu shi ne na Okiku, baiwar da aka zarga da salwantar da faranti ɗaya cikin goma, aka kashe ta aka jefa a rijiya. Kowane dare sai a ji muryarta daga rijiyar tana ƙirga faranti, daga ɗaya zuwa tara, sannan ta fashe da kuka. Wannan fatalwa ce ta ji, irin wadda Isichei ta bayyana, kuma tsoronta yana cikin jiran lambar da ba za ta zo ba.

Fim ɗin Kwaidan na Kobayashi Masaki (1964), wanda aka ɗauko daga rubuce-rubucen Lafcadio Hearn kuma ya sami lambar yabo a bukin finafinai na Kan a Faransa a 1965, ya kai wannan dabara matuƙa. Mai tsara sautinsa, Takemitsu Toru, yakan cire ƙarar da ido yake jira, kamar ta takun ƙafa ko faɗuwar abu, ya bar shiru, ko kuma ya kawo ƙarar karyewar itace a inda ba a zata ba. Ɗaya daga cikin labaransa huɗu na wani makaho ne mai kiɗan molon Japan, Hoichi, wanda wata murya take zuwa da dare ta kira sunansa ta ja shi ya je ya yi wa wasu manya waƙa. Bai san matattu yake yi wa wasa a maƙabarta ba. Da malaman gidan ibada suka gano, sai suka rubuce jikinsa duka da nassin addininsu don ya ɓace wa fatalwar, amma suka manta kunnuwa. Su kaɗai fatalwar ta gani, su ta fizge. Da wuya a sami labarin da ya fi wannan nuna cewa kunne ne ƙofar da tsoro yake shiga ta ciki, domin ido yana da murfi, kunne ba shi da shi.

Finafinan ƙarshen ƙarni na 20 sun gaji wannan. A Ringu na Nakata Hideo (1998), wanda aka ɗauko daga littafin Suzuki Koji na 1991, duk wanda ya kalli wani kaset sai tarho ya buga, daga nan saura masa kwana 7. Kusan dukkan fim ɗin ƙirgen kwanakin nan ne, wato fargaba tsantsa. Fatalwar, Sadako, daga rijiya take fitowa kamar Okiku, gashi ya rufe mata fuska, kuma har fim ya ƙare ido ɗaya tak aka nuna. An ɗauki tafiyarta ne tana ja da baya, sannan aka juya hoton, sai motsin ya yi kama da na mutum amma da wani abu da bai daidaita ba. Abin da tantanin gizo-gizo ya yi wa murya, shi juya hoto ya yi wa tafiya. A Ju-on na Shimizu Takashi (2002) kuwa, kafin a ga fatalwar Kayako sai an ji wani kakari daga maƙogwaro, a cikin gida na yau da kullum mai matakala da ɗakin ajiya. Masanin sinima na Faransa Michel Chion ya yi bayani a 1982 cewa muryar da ba a ga mai ita ba a fim takan zama kamar tana ko'ina kuma ta san komai, amma da zarar an nuna bakin da take fitowa sai ta koma ta mutum kamar kowa. Dattawan Atyap da Bajju sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro majigi.

6.0 Wa Ke Tsorata Wa?

Dabarun sun yi kama, amma inda aka auna su ya bambanta, kuma a nan ne kwatancin yake da amfani. Fatalwar Japan, wato Oiwa da Okiku da Sadako da Kayako, kusan kullum mace ce da aka zalunta, wadda ba ta da bakin magana tana raye, sai bayan mutuwa ta sami murya. Tsoron yana tasowa ne daga ƙasa ya nufi sama, yana tuhumar miji da ubangida. Muryar abwoi kuwa ta maza ce, daga sama take sauka. Tana sasanta rigima, tana tsawatar wa ɓarawo da mai saɓa al'ada, tana haɗa dangi a kan kakanni ɗaya, kuma waɗannan ayyuka ne na gaske a al'ummar da ba ta da kurkuku ko ɗan doka. Amma kuma mata ne suke dafa abinci da giyar da ake kai wa kakanni, maza su ci a ɓoye, kuma muryar takan ja kunnen matar da ake ganin ta kauce. Sangree ya nuna a wurin Irigwe yadda al'adar ta ɗamfaru da ƙoƙarin maza na riƙe matan da al'ada ta ba su damar komawa gidan wani miji.

Akwai fim ɗin Japan guda da ya taɓo wannan gefe, wato Onibaba na Shindo Kaneto (1964). Wata tsohuwa ce take zaune da matar ɗanta cikin dogayen ciyayi a lokacin yaƙi. Da ta ga yarinyar tana satar jiki da dare zuwa wurin wani namiji, sai ta riƙa sa fuskar aljani da ta cire daga gawar wani jarumi, tana tare ta a hanya. Dabarar ta ci, har daren da fuskar ta manne mata ta ƙi fita, da aka fasa ta da ƙyar sai aka tarar da fuskarta ta asali ta lalace. Shindo ya tsaya ne a bayan labule, tare da mai tsoratarwa, ya tambayi abin da rufin yake yi wa mai sa shi.

Bambanci na biyu shi ne yarda. Mai kallon fim ya biya kuɗi ya shiga, kuma ya san za a kunna fitila. Matar da ke jin abwoi ba ta zaɓa ba, kuma ko da ta gane muryar, furta hakan yana da hukunci. Saboda haka shirunta ba hujja ba ce ta cewa an ruɗe ta. Asirin da rabin gari yake riƙe da shi, ɗaya rabin kuma yake dafa masa tuwo shekara da shekaru, ya fi kama da yarjejeniyar yin shiru wadda ake tsare da ƙarfi.

7.0 Kafanchan da Dushewar Muryar

Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya iso Kafanchan, kuma zuwa 1927 wurin ya zama mahaɗa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina cikin Nijeriya, har fadar Sarkin Jama'a ta komo garin a 1933. 'Yan mishan na SIM sun riga sun buɗe tasha a Kwoi tun 1910, suka ƙara da Kagoro a ƙarshen shekarun 1920. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen coci da makaranta da kasuwa a yankin. Samari kuma suka riƙa tafiya haƙar kuza a Filato suna dawowa da kuɗinsu da sabon tunani.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sari ginshiƙi guda. Jirgi da kasuwa sun kawo baƙin da rantsuwa ba ta hau kansu ba. Mulkin Turawa ya ƙwace ikon yanke hukuncin kisa daga hannun dattawa, sai rantsuwar ta rasa haƙoranta. Makaranta ta ɗauke yaran da za a shigar. Waɗanda suka karɓi Kiristanci ko Musulunci suka daina shakkar faɗin abin da ke cikin ɗakin. Fitilar ƙwai da tocila suka rage wa dare faɗi. Bahaushe yana cewa gani ya kori ji, yana nufin shaidar ido ta fi labari. A tarihin abwoi karin maganar ta cika a zahirinta: ranar da aka ga guntun gorar, ranar aikin muryar ya ƙare. A wa'azin da aka yi da Hausa kuma, kalmar dodo ta ƙarasa aikin, ta mayar da kakanni abin kunya.

Abin da aka raba da muhallinsa yakan koma wani abu dabam. Shahararren kan yumɓun nan na al'adar Nok da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, mai shekaru sama da 2,000, an kafa shi ne a gonar doya yana korar dabbobi kafin a kai wa Bernard Fagg shi a 1943. Bukukuwa irin su Afan na Kagoro, da ake yi ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi, sun raya kaɗe-kaɗe da raye-rayen gargajiya, amma da rana tsaka ake yin su, a filin taro, gaban manyan baƙi da kyamara. Japan ma ba ta tsira ba. Bayan Amurka ta sake yin Ringu a 2002 aka yi ta jero masa ci gaba, Sadako ta zama sananniyar fuska, har aka fito da ita ta yi jifan buɗe wasan ƙwallon gora a Tokyo a 2012, 'yan kallo suna dariya. Abin da ya ba ka tsoro, wata rana shi zai ba ka tausayi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa al'adar dodo ta kudancin Kaduna da finafinan fatalwa na Japan sun dogara ne a kan dabaru iri ɗaya: muryar da aka jirkita kaɗan, wurin da aka killace, jira, da hana ido abin da yake nema. Ta kuma nuna cewa ɗaya ta ba wanda aka zalunta murya, ɗaya kuma ta ƙarfafa hannun masu iko a gida da gari, tare da ayyukan sulhu da tsaron al'ada da ta yi.

Akwai aiki biyu da suka rage. Na farko na masana harshe ne. Waƙoƙi da kalmomin abwoi a Tyap da Jju da Hyam suna bakin dattawan da suke ƙarewa, kuma ya kamata a naɗe su da sunayensu na asali, daga bakin maza da mata duka, musamman ta hannun 'ya'yan yankin. A ƙasar da ta ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, kiran al'adar maƙwabci da sunan da shi ya ba ta ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu na masu shirya finafinan Hausa ne, sana'ar da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990. Idan suka tashi nuna aljani, sau da yawa sukan gaggauta fito da shi da kwalliyar fuska da dabarun kwamfuta, sai a razana sau ɗaya daga nan a yi dariya. Alhali kuwa harshen da suke aiki da shi ya riga ya ba su shawara, tun da ya kira aljanu mutanen ɓoye.